Lissafin Mai Faci

Barmo ya zo da wayarsa bayan azahar,
ya ce, "Kawu, ajiye famfo ka duba."
Na duba: wata ƙatuwar gora ce
kwance a gefen gajimare,
da ɗaki rataye a cikinta,
mutane zaune suna kurɓar shayi.
Jirgin yawon buɗe ido ne, in ji shi,
ba ya ruri, ba ya sauri,
tafiyarsa ta saniya mai ciki.

Shekara talatin ina faci a bakin tashar Madarunfa.
Duk abin da aka hura wa iska
a gabana yake zuwa ya durƙusa.
Sai na ce wa yaro, in ta huje fa?
Wane baho zai ɗauke ta
in nemi inda kumfa ke fita?

Iskar ma, wai ba irin tawa ba ce,
daga wata ƙasa ake kawo ta a tukwane.
Ka ji fa.
Garin da ke sayen isansi kwalba-kwalba
shi zai yi odar iska.
Ga hadarin gabas da ya ɗauke rumfata bara
ya ajiye ta bayan gidan Nomau,
shi za a miƙa wa gora ya yi wasa?
Kujera ɗaya jika nawa?
Alhazan birni za su hau sau ɗaya don hoto,
na biyu su ce mota ta fi.

Na gama lissafi, ya tafi.

Da dare barci ya ƙi.
Na ga Tsahara, wadda ba ta taɓa wuce
tsanin rumbu ba a hawa,
ta dafa taga, tana riƙe da kallabi.
Gulbi a ƙasa kamar igiyar guga da aka yar,
lambunan Jiratawa kamar facin zane,
tabki ya koma tasar ruwa
da masunta a ciki kamar ƙudaje.
Ta nuna kukar garinsu da yatsa
ta ce, "Ashe ƙarama ce."
Kuma jirgin a hankali yake, a hankali,
har ka yi wa mai noma sannu da aiki
ka tsaya ka ji ya amsa.
Wannan kam ban san kuɗinsa ba.

Da safe na hura tayar babur fiye da ƙima,
na saki. Ta faɗo min a ƙafa.

Barmo, in sun kawo ta Maradi,
ka ce akwai mai faci kusa da tasha.
Ba ya son lada.
Kujera biyu, gefen taga,
ranar da gero ya fid da kai.