Yatsa na Shida

Alƙali ya ce, "Arzika Cindo, ina takardarka?"
Na ce, "Allah gafarta malam, gara ta riga kotu karantawa."
Aka yi dariya a bencin baya.
Ni ban yi ba.
Rasit goma sha tara na harajin Baba
suna cikin adaka a Bunza,
sun koma gari, garin da ba ya tuwo.

Alhaji Maidamma ya zo da tasa a leda,
da jan hatimi, da zanen safiyo,
layi huɗu miƙaƙƙu sambal kamar an ja da zare.
Gonarmu ba ta taɓa miƙewa haka ba.
Ta gabas takan karkata ta gaida giginya,
ta yamma gamba ce, Baba da Nomau suka dasa.

"Ina giginyar?"
An sare ta bara waccan, tana rufin shagon wani.
"Ina gambar?"
Gulbi ya zo da dare, bai yi sallama ba.
"Ina Nomau?"
Ran Laraba muka kai shi makwanci,
saura kwana shida ya tsaya nan ya buɗe baki.

Lauya ya gyara riga.
Ya ce aro aka ba ubana,
aro kuwa ko ya yi furfura ba ya zama gado.
Shekara talatin da bakwai ƙafata cikin taɓon nan,
matsattsaku sun san ɗanɗanon jinina,
amma wa zai rantsar da matsattsaku?

Ran da kotu ta fito gani da ido,
magatakarda na ɗage wando yana tsaki.
Na tsaya kan kututturen giginya,
na ƙirga taku tara zuwa alƙibla,
na ce, "A haƙa."
Kamu biyu, laka. Na uku, shebur ya yi ƙara.

Bakin rijiya ne, wanda ambaliya ta binne.
Baba ya ɗaure shi da siminti shekarar da fara ta ci gero.
Ina ɗan shekara biyar, ya juya zai yi alwala,
na danna tafina a ɗanyen siminti.
Ranar na sha tsumagiya har Inna ta shiga tsakani.

Na wanke wurin da ruwan buta.
Ga shi nan, ƙanƙane, kamar sawun ɗan tsako:
ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar,
da ɗan ƙarin nan da yara ke yi mini waƙa a kansa.
Na ɗaga hannuna sama. Ba wanda ya yi tari.

Sai lauya: "Wannan ya nuna yaro ya yi ɓarna a nan.
Bai nuna mai gona ba."
Alƙali ya daɗe yana duban simintin,
ya tambaya, "Mai aro yakan gina rijiya?"
Ya rubuta wani abu da ban gani ba,
ya ɗage zama sai bayan Sallah.

Makwabta sun gama dashe.
Irina na can yana tsufa a bakin fadama.
Na kawo tsohuwar tabarma na rufe hannun yaron,
na aza dutse,
na kwana a wurin da tocila da sanda,
ina gadin dukan da Baba ya yi mini.