Mai Tsaron Gada

A hawa na shida na wani bene a Bukarest,
inda taragon lantarki ke kukan ƙarfe a ƙasa,
aikina kisa ne, daga tara zuwa biyar.
Sunana Ilinca. Ana biyana in buga wasan kwamfuta
kafin ya shiga kasuwa, in gano inda ya yage.

Akwai wani tsoho a mataki na huɗu,
mai tsaron gada, fitila a hannun hagu.
An zana masa tari, an zana masa ɗingishi.
In ka iso, allo zai ba ka zaɓi biyu:
ka biya kuɗin ƙetare, ko ka zare takobi.
Takardar aikina ta ce a gwada duka.
A gwada da gatari, a gwada da wuta,
a gwada ta baya, a gwada yana tsakiyar magana,
a duba ko jinin na zuba daidai kan katako,
ko fitilar na riga shi faɗuwa.

Ranar Talata kaɗai, sau arba'in da ɗaya.
Hannun hagu na riƙe da burodi mai gishiri,
na dama na kan maɓalli.

Wani mutum da ban taɓa gani ba
ya ara masa murya, ya ce "dakata" kala uku.
Ta ukun ce ke bi na har gida.
Haka kakana Anghel ya faɗe ta
ranar da muka ɗauko shi daga ƙauye zuwa asibiti,
yana roƙon a bar shi ya rufe wa kaji ƙofa.

Dorin, shugaban sashenmu, ya ce,
"Lissafi ne fa, sifiri da ɗaya. Ba ya jin komai."
Na sani. Ai ba shi ne mai jin ba.
Ya nuna mini abin da 'yan gwajin waje suka yi:
kusan kowa na barinsa da rai karon farko,
sai ya adana wasan, ya koma, ya sare shi
don kawai ya ga abin da zai faru.
Abin da ke faruwa: azurfa goma sha biyu
da mabuɗi mai tsatsa.
Har yau ban samo sunan irin wannan tausayi ba,
mai yafewa da ƙofar baya a buɗe.

Ranar Alhamis, ana yayyafi,
na iso gadar, kaina na sarawa.
Ban biya ba, ban zare ba. Na tashi haɗa shayi.
Layi ya yi tsawo a wurin tafasa ruwa.
Da na dawo, tsohon ya matsa gefe,
ya ɗaga fitila yana haska mini katakon da ya karye.

Babu wanda ya rubuta wannan. Na bincika.
Wani lissafi ne ya zame bayan minti bakwai,
umarni biyu suka yi karo, hanya ta buɗe.

A wurinmu sunan wannan kuskure,
kuma yana da fom: lamba, mataki, yadda ake maimaita shi.
Ba na ɓoye aiki. Na cike komai.
Sai gurbin ƙarshe, mai tambayar girman matsala.
Na daɗe a kansa har masu shara suka kashe rabin fitilu.
Na zaɓi "ƙarama, ba ta hana wasa,"
tulin da ba a kaiwa gare shi kafin ranar fitarwa.

Washegari na kashe shi sau tara.
Kuɗin haya ba ya jira.

Amma wasan ya fita da kaka.
Wani dare, a wani gari da ban sani ba,
jariri zai farka, ko madara ta taso a wuta,
wani ya ajiye takobi ba da niyya ba.
Minti bakwai.
Zai dawo yana goge hannu a riga,
ya tarar an ɗaga masa fitila.