Mai Riƙon Igiya

Shekara tara nake riƙe wa Mamuda igiya.
Ja ɗaya, lafiya lau.
Ja biyu, ƙara mini.
Ja uku, fito da ni, kada ka tsaya tambaya.
Iyakar yarenmu ke nan, ni da shi,
in ruwa ya rufe kansa kamar murfin tukunya.

Ran Talata, tsakiyar marka,
babur ɗina ya shaƙi ruwa a Ƙofar Ruwa,
ina turawa, ina tsine wa fulogi,
waya na ta kuka a aljihu ban ji ba.
Can bayan Gwammaja kududdufi ya cika ya batse,
ƙwallo ta faɗa, Nafi'u ya bi ta,
takalminsa ɗaya ya rage a gaɓa.

Aka ce Mamuda ya dubi titi sau uku,
ya dubi uwar yaron sau ɗaya.
Ya saɓa tulun iska, ya ciji bututu,
ya ɗaure igiyata a gindin darbejiya,
ya shiga.

Darbejiya, Mamuda!
Itace ya san ja uku?
Itace zai ƙirga kumfa,
ya lura ta yi ƙasa, ya lura ta ɗauke?

Na san ƙasan nan, ko ban taɓa taka ta ba,
a tafin hannuna nake karanta ta:
duhu kamar cikin tulu,
tsohuwar taya, ƙarfen gado, fasasshiyar kwalba,
leda mai nannaɗe wuya kamar tana da gaba da kai,
taɓo mai riƙe ƙafa, ba ya jin magiya.
Nan waya ta sarƙe masa bututu.
Shi kaɗai, da wuƙa, da lalube,
allurar agogon iska tana gangarowa kan ja,
sama kuwa mutum ɗari suna kallo,
ba wanda ya san me rawar igiya ke faɗa.

Ya fito. Ya fito da yaron a kafaɗa.
Rai ya riga ya yi halinsa.

Na iso a jiƙe, na tarar ana shi masa albarka,
mai shayi yana cewa namijin duniya.
Ni kuwa na ci kwalarsa a bayan mota,
na ce, gawa ka je ɗaukowa,
da yanzu biyu muke nema.
Gawa ba ta sauri, da ka jira ni.
Ya tofar da ruwan laka, ya ce, Isiyaku,
ban san gawa ba ce sai da na taɓa shi.

Oga Barau ya ba shi hutun dole, mako biyu,
ya karanta mana doka a tsaye:
mai nutso ba ya shiga shi kaɗai, ko uwarsa ce a ciki.
Na gyaɗa kai. Gaskiya ce.
Da jinin wasu aka rubuta ta,
na san sunan biyu daga cikinsu.

Amma na je zaman makoki.
Uwar ta ce an yi masa wanka kafin Magariba,
ta ga fuskarsa, ta shafa kansa,
bai kwana a ruwa ba.
Ta faɗa kamar mai lissafin abin da ya rage mata.
Na rasa inda zan ajiye dokar, sai na riƙe ta a cinya.

Har yau ban ce ya yi daidai ba.
Shi ma bai ce in yafe ba.
Muna cin ƙosai a takarda ɗaya, ba ma tayar da zancen.
Igiyar dai na ɗauke ta daga ofis,
tana bayan babur ɗina duk inda na nufa,
wai don dole ya jira ni.

Da dare nakan tashi in duba waya.
Na san shi.
Ran da ba igiya, haka nan zai shiga.