Kwaɗon Ƙarfe

Shekara talatin ina gyaran rediyo a kasuwar Kuseri,
ƙarƙashin rumfar kwano, daf da masu busasshen kifi.
Na san warin dalma in ta narke,
na san waya in ta mutu, na san in suma ta yi.
Ban san kwandon sharata makaranta ba ne.

Sai ga su wata Laraba, su uku, da rigar lekol:
Kaltume 'yar Baba Goni, mai tambaya kamar alƙali,
da Aljuma, da wani siriri mara magana, Barka.
"Baba, sayar mana da abin da ka zubar."
Na ce me za ku yi da gawar fanka?
Suka ce gasa za a yi a Marwa,
ta na'urorin da ke tafiya da kansu, su yanke shawara.
Na yi dariya har haƙorin Makkana ya sha rana.

Mako bakwai suna zuwa bayan la'asar.
Sun ƙona mini fiyus huɗu da gefen tabarma.
Barka ya ƙona yatsa, bai ce uffan ba,
ya tsoma shi a shayina, ya ci gaba.
Jarka biyu suka ɗaure, ta zama ciki,
injin fanka ya zama ƙafa,
lasifikar mai tallan maganin basir ta zama baki.
Ƙwaƙwalwar kuwa ba ta fi kwalin ashana ba,
malaminsu ya aro ta daga Injamena, tsallaken gada.
Kaltume ke faɗa mata abin yi
da wani rubutu, ba boko ba, ba ajami ba.

Na ce, to mene ne aikinsa?
Ta ce, "Ka tuna daren da Logon
ya shigo unguwarmu ba sallama?
Awakinmu shida. Littattafaina. Gadon kakata.
Wannan zai kwana a bakin ruwa, ba ya gyangyaɗi.
Kogi ya tashi taƙi biyu, sai ya yi kuka."
Shi ya sa suka raɗa masa Kwaɗo.

A Marwa ba su ci ba.
Yaran Garwa sun zo da mai hannu, yana tsintar kwalabe,
aka tafa musu, aka ba su kofi.
Namu ya juya sau biyu a baho, ya kife.
Na huɗu. Takarda ɗaya da kuɗin mota.
Aljuma ya yi hawaye daga Mora har Waza.

Na zaci an gama.
Ashe tambayoyi suka ƙunso:
ina nauyi ya karkata,
me ya sa batir ke gajiya in rana ta take.
Suka sa masa dutse a gindi, suka kai shi gaɓa,
suka ɗaure a turke kamar ɗan akuya.
Masunta na wucewa suna ce masa, "Alhaji, an tashi lafiya?"

Ƙarshen damina, tsakar dare, na ji shi.
Murya mara daɗi, muryar tallan magani,
tana yage barcin unguwa.
Muka fita da tocila da buhunan yashi.
Ruwa ya shigo, ba zan yi ƙarya ba,
ya ci katangar Baba Goni da rabin layinmu.
Amma ya tarar da awaki a tudu,
tsofaffi a kan amalanke, hatsi a saman masallaci.

An ce abin da babba ya hango,
yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.
Ni dai a daren nan minshari nake yi.

Yanzu ran Asabar ba masaka tsinke a rumfata.
Unguwar masunta na son biyu kafin baɗi.
Barka ya fara magana, har ya yi yawa.
Jiya, da furfurata, na tambayi Kaltume
yadda ake ce wa na'ura "tsaya" a yarensu.
Ba ta ɗago kai ba.
Ta ce, "Baba, bi layi."