Mabuɗin da Ba Ni Na Yanka Ba

Shekara talatin da ɗaya ina gugar ƙarfe
a bakin tsohuwar kasuwar Gombe,
tsakanin mai gyaran agogo da shagon Manu tela.
Kawo mini kwaɗo in saurari cikinsa,
in faɗa maka haƙora nawa yake nema.

Suwaiba ta biyo daga ɗakin gwaje-gwaje,
ƙanshin sabulun asibiti bai bar hannunta ba.
Ta ajiye mini tuwo, ta miƙo waya:
"Baba, ga abokin sana'arka."

Na ga abu kamar ƙarangiya,
dunƙule, ƙaya ta ko'ina.
Ta buɗa hoton da yatsu biyu
har ƙaya ɗaya ta cika fuskar wayar.
Ashe ba ɗaya ba ce, uku aka tufke
irin tufkar igiyar guga,
ƙasa siriri, sama ya yi kai.
"Furotin ne," in ji ta, "ya yafa mayafin sukari
don masu gadin jini su wuce shi ba su shaida ba."
Na ce, ɓarawo da alewa a jiki?
Ba ta yi dariya ba.

Kawuna uku, duk a sunkuye.
Can sai ɗaya ya ɗago, ya leƙa, ya koma,
kamar ƙadangare a kan katanga.
A wannan ɗagowar haƙoran ke bayyana.
Cikin hanci, cikin maƙogwaro, can ƙuryar huhu,
akwai 'yan kwaɗuna rataye a ƙofofin tsoka.
Ba don baƙo aka yi su ba,
aikinsu lallashin jini kada ya hau.
Amma haƙori ya zauna a gurbi
tsaf, ko magagari bai taɓa shi ba.

Ga abin da ya hana ni cin tuwon:
wai mabuɗin ba ya murɗa kansa.
Almakashin gidan ne, namu, na jikinmu,
ke datse shi a gaɓa.
Kan ya faɗi, gindin ya miƙe,
ya caki bango, ya naɗe kamar askar wanzami,
ya jawo tantani biyu su haɗe
yadda ɗigon man gyaɗa ke shigewa ɗan'uwansa a kasko.
Ba a ɓalle ƙofa ba, baƙo na tsakar ɗaki.

Sai na tuna wani yaro mai ladabi
da ya taɓa kawo mini sabulu da shatin mabuɗi,
wai na kakarsa ne ya faɗa rijiya.
Na goga masa, naira ashirin.
Bayan kwana uku aka wayi gari
shagon Buba Kumo a buɗe, kwaɗo lafiya lau,
buhunan wake babu ko ɗaya.
Ban taɓa gaya wa kowa ba.
Kwaɗo ba ya tambayar hannu.

Manu ya yi tari kwana tara, shekarar kulle.
Keken ɗinkinsa na nan lulluɓe da zani.
Mabuɗin shagon yana aljihuna, shi kam ni na yanka,
'ya'yansa ba su zo karɓa ba.

Na ce, to allurar fa?
"Shatin ake nuna wa masu gadi, Baba, ba ɓarawon ba,
su san haƙoran, su liƙe su da ƙaro
tun ba su kai gurbi ba."
Shi kuma ya tsaya kallo?
"Yana sauya haƙori, yau ɗaya, gobe biyu."
Wa ke goga masa?
"Ba kowa. Kuskure ne wajen kwafi,
wani kuskuren ya fi na asali shiga."

Wannan na sani.
Na sha yanka mabuɗi hannuna ya zame,
mai shi ya dawo yana yabon ya fi tsohon laushi.

Tuwo ya huce, Suwaiba ta tari Keke ta koma aiki.
Wata mata na tsaye da kwaɗon akwati.
Na ɗauki magagari,
na dubi hannunta kafin in dubi kwaɗon.