Goge na Goma Sha Bakwai

A Kodambakkam ubana ya tsufa,
kan kujerar ƙarfe, sahu na uku.
Cikin masu goge arba'in
shi ne na goma sha bakwai.
Velayudham sunansa.
Kada ka wahalar da ido a allon silima:
in fim ya ƙare sunaye kan hau sama kamar hayaƙi,
nasa bai taɓa samun tsani ba.

Da asuba yakan shafa wa izga ƙaro,
ya kurɓi kofi a tsaye,
ya ɗaure gogen a bayan keke
kamar mai kai ɗa makaranta.
Innata Kanagam ta miƙa masa shinkafa da tsamiya
a ƙunshin ganyen ayaba,
ta ce, "Yau kuma wa za ku sa kuka?"
Ya ce, "Duk wanda ya sayi tikiti."

Ran Lahadi muna can gaba, bencin araha.
Jarumi na tsalle a lambun furanni,
jaruma na gudu cikin ruwan famfo
da aka raɗa wa suna damina,
samari na fito da yatsu biyu a baki,
suna watsa yankakkun takardu,
ni kuwa idona a rufe,
ina laluben ubana cikin arba'in
kamar mai neman allura a tabarma.

Ban same shi ba.
Ya ce, "Madalla, Thenmozhi. Aikina ke nan, in narke.
Gishiri ba ya cewa ga ni a miya."

Sai wani akwati ya zo,
mai haƙora fari da baƙi,
ya haɗiye goge arba'in a zama ɗaya, ko gyatsa bai yi ba.
Aka naɗe kujerun ƙarfe.
Ubana ya koma kiɗan biki,
inda cokula suka fi tsirkiya ƙara,
daga nan gogen ya hau kan kabad,
daga nan shi ma ya kwanta.

Kwana goma sha shida da rasuwarsa,
baƙi sun watse, muna wanke tukwane,
rediyon mai shayi ya sako wata tsohuwar waƙa,
wadda kowa ya sani, har akun maƙwabta.
Inna ta kama hannuna da kumfar sabulu:
"Yi shiru. Bayan baiti na biyu."

Gogunan suka taso kamar teku a Marina,
suka tsaya cak, gaba ɗaya,
sai tsirkiya guda
ta makara.
Rabin numfashi. Bai ma kai ba.

"Shi ne," in ji inna.
"Daren da na haife ki bai runtsa ba.
Ya tafi aiki da warin asibiti a rigarsa.
Mai tsara kiɗa ya ji, ya ɗaga hannu,
sai ya tuna kuɗin faifai, ya sauke.
An yanke masa rupi biyar."

Rupi biyar.
Abin da ya biya ke nan
ya zauna a duniya bayan ya tafi.

Yanzu ina jin sa a motar Tenkasi,
a lasifikar gidan biki, a wayar mai sayar da kifi,
cikin shagon aski, bakin haikali ranar Pongal.
Mutane na bin muryar mawaƙiya,
suna buga cinya, suna tuna samartaka,
ni kuwa ina tsaye a ƙofar baiti na biyu
kamar yarinya mai jiran ƙarar keke.

Jiya yaron mota ya miƙo hannu, "Kuɗin mota, Amma."
Na ɗaga masa yatsa.
Ya jira, bai san me yake jira ba.

Shekarata arba'in da shida.
Kuskuren nan ma haka.
Rana ɗaya aka haife mu,
shi dai bai yi furfura ba.