Minti Uku a Ƙoramar Nant Melyn

Asabar ce, yayyafi na sauka kan tuddan Tregaron,
tumaki sun juya wa iska baya.
Na zura takalman roba har cinya,
na saɓa koma, na rungumi farin faranti.
Babana Idwal na biye da sandarsa,
wai shi rakiya kawai ya yi, ba ruwansa.

Ƙa'idar aikin ba ta da yawa:
ka kafa koma, bakinta na kallon ruwa,
ka tsaya gabanta ka yi ta shurin tsakuwa
minti uku cif, agogo ne shaida,
duk abin da ƙasan rafi ya ɓoye
ya gangaro hannunka.

Na fara daga sama, gindin itacen da ya sunkuya.
Sanyi ya ratsa roba ya kama ƙashi.
Da na juye koma, faranti ya cika da rai:
masu jela uku, sirara kamar gashin ido,
masu jela biyu, waɗanda ba sa kwana cikin ƙazanta,
'yan jatan lande na iyo a kaikaice kamar masu jin kunya,
ga wata gwanar gini ta ɗinka ɗaki da yashi,
tana jan abinta duk inda za ta.
Na ƙirga da cokali. Iri goma sha ɗaya.
"Mererid, ban gaya miki ba?" in ji Baba.
"Nan na kama kifi da hannu ina ɗan shekara tara."

Sai muka gangara, taku ɗari biyu.
Muka wuce shingen da ya kwanta,
inda shanu suka dama gaɓa ta zama kunu,
muka wuce bakin wani bututu
da gansakuka ta yi wa gemu.
Daga nan duwatsu suka sake riga,
wani yauƙi toka-toka, mai santsi.
Na kifar da ɗaya: cikinsa baƙi ƙirin,
ya huro mini warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Minti uku kuma. Ƙafar nan ce dai, shurin nan ne.
Jajayen tsutsotsi na murɗewa kamar zare,
matsattsaku biyu, katantanwa guda.
Na jira masu jela.
Na motsa ruwan da yatsa.
Ko ɗaya.

Na ɗiga magani a kwalba, na girgiza,
ruwa ya rine shuɗi, ya wuce inda ma'auni ya tsaya.

Baba bai tambayi lamba ba.
Idonsa ya bi bututun,
ya haura makiyaya, ya tsallake garke,
ya tsaya kan ramin takin da kakana ya gina,
wanda za a gyara bana, za a gyara bara,
da zarar kuɗin madara ya tashi.
Bai tashi ba.
Ruwa ba ya tsami banza, mu duka mun sani,
ba wanda ya faɗa.

"Takardar nan wa zai gani?"
Na ce, ofis, da duk wanda ya nema.
Akwai gurbi a ƙasanta: tushen gurɓata, in an sani.
Alƙalami ya yi nauyi a hannuna,
ni da kuɗin madarar nan ya kai ni makaranta
na koyi bambanta jela uku da jela biyu.

Ya jingine sanda, ya durƙusa da ƙyar,
gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure,
ya karkata faranti a hankali,
ya mayar wa ƙorama 'yan tsutsotsinta.
Wani tsuntsu mai farin ƙirji ya gilma,
ya yi sama, wajen ruwa mai kyau.

"Rubuta," ya ce, bai ɗago ba.
"Ki kula da sunan. Prydderch, d biyu ne."